Tsofaffin kwamfutoci da kaset: dabarun gyaran da za su ceci muryoyin da ke ajiye a Bangi

A shekarun 1980, irin kaset ɗin da ake sauraren wa'azi da waƙa da shi a Nijar shi ne ma'ajiyar kwamfutocin gida a Turai. Masu riƙe da waɗannan na'urori har yau sun ƙware wajen gano abin da ke hana kaset karantuwa. Dabarunsu na iya amfanar iyalan Bangi, Madawa, Buza da Keita, inda tsofaffin kaset ke kwance cikin akwati, zafi da ƙura na cin su.

A gidaje da dama na ƙaramar hukumar Bangi, cikin gundumar Madawa daf da iyakar Najeriya, idan aka buɗe tsohon akwatin ƙarfe ba a rasa kaset a ƙarƙashin tufafi. Wasu na tafsiri ne, wasu na Mamman Shata ko Ɗan Anace ko Ɗan Gurmu. Wasu kuma babu ko rubutu a jikinsu, alhali su suka fi daraja: saƙon murya ne da ɗan biɗa ya aiko daga Abijan, Legas ko Libiya kafin zuwan wayar salula. Mutum ya zauna gaban rakoda, ya gaida kowa da sunansa, ya faɗi abin da ya aiko da yadda za a raba shi, sannan ya damƙa wa mai komawa gida. Da yawa daga masu waɗannan muryoyi sun rasu, kuma kowane kaset shi kaɗai ne, ba shi da na biyu.

Kwamfutocin da ke aiki da kaset ba su yaɗu a karkarar jihar Tawa ba. Amma zaren da ya ɗauki manhajojinsu da wanda ya ɗauki muryar ɗan biɗa iri ɗaya ne, rakodar ɗaya ce, cututtukansu ma ɗaya. Bambancin shi ne kunnen mutum yana haƙuri da sauti mara kyau, kwamfuta kuwa ba ta yafe kuskure ko ɗaya. Wannan tsananin ne ya tilasta wa masu tsofaffin kwamfutoci sanin kaset ciki da waje.

Yadda kwamfuta ke rubutu a kan zare

Kamfanin Philips na ƙasar Holan ne ya fito da kaset a 1963, ƙarƙashin jagorancin injiniya Lou Ottens, wanda ya rasu a watan Maris na 2021. Faɗin zaren milimita 3,81 ne, yana tafiya santimita 4,76 a kowace daƙiƙa. An shafe shi da garin ƙarfe mai laushi ƙwarai. Lokacin ɗaukar sauti, kan rakoda yana jera wannan gari da maganaɗisu. Lokacin sauraro, kan yana karanta jerin ya mayar da shi sauti.

Kwamfuta ba ta san komai ba sai sifili da ɗaya, waɗanda ake kira bit. Domin ajiye su a kaset, sai ta mayar da su sauti iri biyu, ɗaya mai kauri ɗaya siriri. A watan Nuwamba na 1975 mujallar Byte ta tara masu ƙera ƙananan kwamfutoci a birnin Kansas na Amurka, suka amince da ƙa'ida: sifili shi ne kaɗawa huɗu na sauti mai kaɗawa 1200 a daƙiƙa, ɗaya kuma kaɗawa takwas na mai 2400. Saurin bai wuce bit 300 a daƙiƙa ba. Daga baya kowane kamfani ya bi tasa hanya, shi ya sa kaset ɗin wata na'ura ba ya karantuwa a wata. Duk wanda ya sa irin wannan kaset a rakoda zai ji ƙara mai kama da kukan gyare haɗe da fito.

A Ingila, ZX Spectrum ta kamfanin Sinclair ta fito a 1982 da ƙwaƙwalwa mai kilobayit 16 ko 48. Tana karanta kusan bit 1500 a daƙiƙa, cika ƙwaƙwalwarta kan ɗauki kamar minti biyar. A wannan shekara Commodore 64 ta fito a Amurka da rakodarta ta musamman, Datasette. Amstrad CPC 464 ta 1984 ta zo da rakoda a jikinta, gefen madannai. A ƙasashen Larabawa an san Sakhr ta kamfanin Al-Alamiah na Kuwait, mai rubutun Larabci. A Faransa kuwa Thomson ce ta yi suna da TO7 a 1982 da MO5 a 1984. A watan Janairu na 1985 firaminista Laurent Fabius ya sanar da shirin Informatique pour tous, mai burin raba na'urori sama da 120 000 a makarantu 50 000, kuma akasarinsu na Thomson ne. A Holan har ta rediyo aka riƙa watsa manhaja: shirin Hobbyscoop yana sakin ƙarar, masu sauraro su ɗauka a kaset, su sa wa kwamfutarsu.

Don a gane ƙanƙantar abin, hoto guda na wayar zamani mai megabayit 2 ya ninka duk ƙwaƙwalwar Spectrum sau arba'in.

Abin da ya sa kuskure kaɗan ke ɓata komai

Lissafin mai sauƙi ne. Idan bit 1500 na wucewa cikin daƙiƙa ɗaya a kan santimita 4,76, to kowane santimita na zare yana ɗauke da bit sama da 300, wato haruffa kusan arba'in. Santimita ɗaya da ya cukurkuɗe, a waƙa ɗan rawar murya ne da ba kowa ke lura da shi ba. A manhaja kuwa haruffa arba'in ne suka ɓace. Kwamfuta tana tara jimillar abin da ta karanta, ta gwada da jimillar da aka rubuta a ƙarshen kowane sashe. In sun saɓa sai ta yi watsi da shi. Spectrum ta rubuta "R Tape loading error", Commodore ta rubuta "LOAD ERROR", Amstrad ta rubuta "Read error". Saƙon bai faɗin inda laifin yake. Nemo shi aikin mai gyara ne, kuma ana bin sa daki-daki, daga mai sauƙi zuwa mai wuya.

A fara da rakoda, kada a fara da kaset mai daraja

Ƙa'ida ta farko ita ce ba a gwada rakodar da ta daɗe a ajiye da kaset ɗin da ba shi da na biyu. A sa wanda ba a damu da shi ba, a saurara, a ga ko tana tauna zare.

Sai wanke kai. Garin ƙarfen da ke zuba daga zare yana haɗuwa da ƙurar hunturu ya zama datti mai launin ƙasa a fuskar kan rakoda. Datti kaɗan ya isa ya raba zare da kai, kuma sautin siriri ne ke fara ɓacewa. Ana goge kan da auduga da alkol mai digiri 90 na kantin magani, a bari ya bushe. Haka za a yi wa ɗan sandan ƙarfen da ke jan zare da ƴar tayar robar da ke danna zaren a jikinsa. Idan tayar ta sandare, ta yi sheƙi ko ta tsage, ita ce ke sa zare ya nannaɗe, sai dai a sauya ta. Ba a goge kai da wuƙa, reza ko fetur.

Na biye shi ne robar da ke juya inji. Da tsufa tana saki, a wuri mai zafi irin Madawa ko Keita, inda watan Afrilu da Mayu ke wuce digiri 40, takan narke ta zama kamar kwalta. Alamar ta saki ita ce murya na tashi tana sauka, ko rakoda ta kasa mayar da zare baya. Dole a wanke ragowar tsohuwar tas kafin a sa sabuwa daidai girmanta. Robar ɗaure kuɗi tana juya inji, amma gudunta ba ya daidaita. Batir da ya yi rauni shi ma yana rage gudu. Ga kwamfuta wannan babbar matsala ce, domin da tsawon kowace kaɗawa take bambance sifili da ɗaya.

Ɗan nocin da ke gefen kai

Laifin da ya fi wahalar da masu tsofaffin kwamfutoci shi ne karkacewar kai. Tsagar da ke fuskar kan rakoda ya kamata ta tsaya cak a kan zare. In ta karkata ko da kaɗan, sauti sai ya dushe kamar ana magana cikin bargo. A gefen kan akwai ɗan noci mai sifirin a ƙarƙashinsa, kuma rakodoji da yawa, har da Datasette, suna da ƙaramin rami a murfi don isa gare shi ana cikin sauraro.

Ana sa alama a inda nocin yake kafin a taɓa shi. Sai a kunna kaset, a juya a hankali da ƙaramin turnabis mara maganaɗisu, kwata ɗaya zuwa dama, kwata ɗaya zuwa hagu, har a sami wurin da sautin ya fi fita tar. A magana, harufan "s" da "sh" ne ma'auni: inda suka fi kaifi, nan ne daidai.

Abin lura a nan shi ne babu daidai guda ɗaya ga kowane kaset. Zare yana ɗauke da karkacewar rakodar da ta rubuta shi. Saƙon da aka ɗauka a Abijan da rakoda mai karkataccen kai zai dushe a kan lafiyayyar rakoda, amma zai fito sarai idan aka karkata kan ya dace da shi. Saboda haka ake saita kai ga kowane kaset daban. Kaset da yawa da aka yanke wa hukuncin mutuwa wannan kaɗai suke buƙata.

Ƙarfin sauti da wayoyi

Na'urori irin Spectrum da ke amfani da rakoda ta kowa suna son sauti mai ƙarfi amma wanda bai fashe ba. Yawanci ana farawa daga kashi uku cikin huɗu na makunnin ƙara, a ɗaga sautin siriri, a kashe Dolby in akwai, a riƙa matsawa kaɗan-kaɗan. Ƙaramar rakoda mai lasifika ɗaya ta fi babbar sitiriyo dacewa da wannan aiki. Datasette da rakodar Thomson ba su da wannan matsala, domin a cikinsu ake tace sautin kafin ya isa kwamfuta; nasu laifin ya fi zama a kai, a roba ko a mahaɗar waya. Kan wayar da ya yi tsatsa ko igiyar da ta karye a ciki na jawo kuskuren da ke zuwa yau ya ɓace gobe. Girgiza igiyar ana cikin sauraro yana tona shi.

Idan laifin na kaset ne

Kaset ɗin da ya shekara ashirin ba a juya shi ba, zarensa kan manne. Kafin a saurara, a juya shi da biro a ji ko yana tafiya sumul, sannan a kai shi ƙarshe a dawo da shi farko sau ɗaya. A leƙa tsakiyar bakinsa: akwai ɗan soso a kan siririn ƙarfe wanda ke danna zare a jikin kai. Da zafi gam ɗinsa kan bushe ya faɗi, kuma in babu shi sauti ba ya fita sosai. Ana ciro na wani kaset a manna.

Idan kwankon ya lanƙwashe da rana, ana kwance nocinsa biyar a mayar da zaren cikin lafiyayyen kwanko. Wanda aka liƙe babu noci sai an fasa shi a hankali. Zaren da ya tsinke ana haɗa shi ta baya, gefen da ba ya taɓa kai, da siririn salatif na wannan aiki. Na kanti gam ɗinsa na tsattsafowa ya manne sauran zaren. Farin ƙura-ƙura a jikin zare fumfuna ce ta danshin damina, kuma irin wannan kaset ana ware shi, a wanke kai bayan an saurare shi. Kaset mai lamba C120 zarensa ya fi na C60 da C90 siranta, shi ya fi saurin tsinkewa.

A saman kowane kaset akwai ƴan kunnuwa biyu na roba. Karya su yana hana rakoda ɗaukar sabon sauti a kai. Wannan aikin daƙiƙa biyar ne, kuma shi ke hana yaro ya danna jan maɓalli ya shafe muryar kakansa.

Ita kanta tsohuwar na'urar

Wanda ya gaji MO5, Amstrad ko Commodore daga ɗan'uwan da ya yi karatu a waje, kada ya yi gaggawar jona ta da wuta. Akwatin wutar Commodore 64 ya yi ƙaurin suna: da tsufa yana iya tura fiye da volt 5, ya ƙona ƙwaƙwalwar na'urar. A fara auna shi da mita. Spectrum tana shan volt 9, amma tsakiyar kan wayarta shi ne mara, akasin yawancin cajojin kasuwa, don haka caja da ta shiga ramin na iya kashe ta nan take. Na'urar da aka ƙera don Amurka volt 110 take so, wutar Nijar kuwa 220 ce. Wutar janareta mai hawa da sauka ita ma haɗari ce. MO5 tana fitar da hoto ta mahaɗar Péritel, wadda sababbin talabijin da yawa ba su da ita, saboda haka tsohuwar talabijin mai ƙusumbi ba abin yarwa ba ce.

Darasi mafi girma: a kwafe tun zare na da rai

Masu tsofaffin kwamfutoci sun daɗe da gane cewa gyara yana ƙara wa kaset kwana ne kawai. Da zarar ya karantu sai su kwafe sautin zuwa kwamfuta, su mayar da shi fayil: k7 na Thomson, tzx na Spectrum, tap na Commodore, cdt na Amstrad. Manhajoji irin su DCMOTO, Fuse da VICE suna kwaikwayon tsofaffin na'urorin a kan kwamfutar yau. Wasu ma da wayar salula suke kunna wa Spectrum sautin a madadin rakoda.

A nan ne wata tsohuwar kwamfutar ke da rana, wato ta hannu da ake samu a Ƙonni, Maraɗi, Sakkwato ko Kano. Da tsohuwar zuma ake magani. Kwamfutocin tebur na shekarun 2000 suna da shuɗin rami na shigar sauti a bayansu, wanda wayoyi da kwamfutocin hannu na yanzu ba su da shi. Shi ya dace da rakoda. Ramin makirufo yana fasa sauti sai an rage ƙara sosai. Na'ura mai Windows 7, wadda Microsoft ta daina tallafa wa a watan Janairu na 2020, ta isa wannan aiki muddin ba a haɗa ta da intanet ba. Manhajar Audacity kyauta ce.

Ana ɗauka a tsarin WAV, 44 100 da bit 16, a kula kada alamar ƙarfin sauti ta kai ja. Tsarin MP3 da saƙon murya na WhatsApp suna zubar da wani ɓangare na sautin don rage nauyi, abin da kan hana manhajar kwamfuta karantuwa, kuma ga murya ma abin da aka zubar ba ya dawowa. A ajiye WAV a matsayin uwa, a fitar da MP3 don rabawa. Minti ɗaya na sauti mai layi ɗaya yana cin kamar megabayit 5, kaset C60 yana cin ɗan sama da 300. Kaset ashirin za su shiga memori mai gigabayit 8, amma sai an zauna awa ashirin, domin kwafar ba ta da gajeriyar hanya. Memori ma yana mutuwa ba sallama, shi ya sa ake yin kwafi uku, ɗaya a wani gida ko wani gari.

Nijar tana da misalin abin da kaset guda ke iya ceto. Kiɗan da Mamman Sani ya ɗauka da organ ɗinsa a gidan rediyon ƙasa a Yamai, wajen ƙarshen shekarun 1970, ya fito ne a kaset ƴan kaɗan. Daga wanda ya tsira ne kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya sake fitar da shi a 2013, duniya ta ji shi.

Lokaci na ƙurewa

A 2019 hukumar UNESCO da ƙungiyar IASA ta ma'ajiyoyin sauti da hoto sun yi gargaɗi cewa na'urorin karanta zare da kayan gyaransu na ƙarewa, har suka ambaci 2025 a matsayin lokacin da aikin zai fara gagara. A Yamai akwai cibiyoyin da ke adana sauti, irin su CELHTO da aka kafa tushenta a 1968 don tattara tarihin baka, da IRSH ta jami'ar Abdou Moumouni. Amma kaset ɗin da ke cikin akwatunan Bangi, Buza da Keita ba ya cikin rajistar kowa. Masu gyaran rediyon da suka san saita kai da kunne suna tsufa, yaran shagunansu kuma gyaran salula suka koya. Gidan rediyon karkara, ofishin magajin gari ko makarantar sakandare da ke da tsohuwar kwamfuta da wutar sola na iya haɗa tsohon mai gyara da matashi mai sanin Audacity, su yi wa gari wannan hidima.

Akwai kuma batun amana. Saƙon ɗan biɗa yakan ƙunshi maganar bashi, jinginar gona ko zancen aure, kuma ga iyalinsa ya aiko shi. Kafin a tura shi dandalin WhatsApp na ƴan gari, sai da yardar masu shi.

Kafin a sami rakoda da kwamfuta, akwai abin da kowane gida zai iya yi yau. A fitar da kaset daga ƙarƙashin rufin kwano zuwa ɗakin ƙasa mai sanyi, a jera su a tsaye cikin kwankonsu, nesa da lasifika da danshi, a karya kunnuwan hana ɗauka. Sannan a zauna da dattawan gida da biro da takarda, a rubuta a jikin kowanne: muryar wane ce, daga wane gari, a wace shekara. Zare zai iya jiran mai gyara wasu ƴan shekaru, amma in waɗanda suka san masu muryoyin suka kau, babu na'urar da za ta faɗi sunayensu.